Shirin tarihin Ayalan: kashi na biyu ya riƙe ni, na uku ya ƙona min rai

Jama'a, duk mai niyyar biyan kuɗin wata a manhajar kallon finafinai don ya kalli shirin tarihin Ayalan mai kashi uku, ya tsaya ya ji ta bakina tukuna.

Kashi na farko ba yabo ba fallasa, korayen filaye da tsofaffin majami'u da wani farfesa yana ta zuba. Na biyun ne ya tashe ni zaune, wanda ya ɗauko babbar yunwar da ta fara a 1845. Talakan ƙasar ba shi da abinci sai dankalin Turawa, safe da dare. Sai cuta ta faɗa wa dankalin, ganye ya yi baƙi, a tono a tarar ya ruɓe yana ɗoyi, irin cutar nan da manoman Bokkos da Mangu ke kuka da ita in damina ta yi nauyi. Kusan mutum miliyan 1 suka mutu, fiye da miliyan 1 suka bar ƙasar a jiragen ruwa, alhali ƙidayar 1841 ta nuna duka-duka mutanen sun ɗan haura miliyan 8. Ana cikin wannan hali ana loda hatsi da shanu a jirgi ana kai wa Ingila, don mulki na Birtaniya ne, gonaki kuma na manyan masu ƙasa.

Amma inda shirin ya gama da ni shi ne labarin Doolough, wani kwari a yammacin Ayalan. A ƙarshen Maris na 1849 jami'ai suka zo garin Louisburgh don tantance masu karɓar tallafin abinci. Ba su yi tantancewar ba, suka wuce wani masauki da ake kira Delphi, tafiyar kusan mil 12, aka ce wa mayunwata duk mai son sunansa ya ci gaba da zama a takarda ya bayyana a can da ƙarfe 7 na safe. Ɗaruruwan mutane suka kwana suna tafiya cikin sanyi da iska, ciki ba komai. Daga baya aka riƙa tsintar gawarwaki a bakin hanya, har da mata da yara. Mai ɗaukar hoton bai sa kiɗa a nan ba. Ya bi hanyar a hankali, baƙin tafki a gefe, tsaunuka tsirara ba bishiya ko ɗaya, sai ƙarar iska, har ya kai ga dutsen tunawa da aka kafa musu. Wallahi sai da na dakatar da shirin na share hawaye. Duk wanda ya taɓa ganin tsofaffi a layin rabon tallafi rana na dukansu ya san wannan wulaƙancin. A lokacin na ce ko wannan kaɗai ya fanshe kuɗina.

Ashe da sauran rina a kaba. Kashi na uku suka kwaso tawayen Dublin na 1916, da raba tsibirin a 1921, da harbin da sojojin Birtaniya suka yi a Derry a 1972 inda mutum 13 suka mutu nan take, da yarjejeniyar sulhu ta 1998, suka cusa su cikin awa guda. Kafin ka gane wa ke faɗa da wa, an wuce. Sannan ga wata tsohuwa 'yar yankin Connemara na yammacin Ayalan tana ba da labari da harshensu na gado, fuskarta kaɗai ta nuna maganar mai nauyi ce, amma babu fassara a ƙasan allo, kuma aka ɗora mata goge ya danne muryar. Shirin da ke kukan harshen na ja da baya, shi ne zai hana mu jin mai magana da shi?

Da raina ya ɓaci sai na tuna wani abin. Sun yaba wa ƙabilar Choctaw ta Amurka da ta aika wa mayunwatan Ayalan dala 170 a 1847, kuma sun cancanci yabo. Amma Sultan Abdulmajid na Turkiyya da ya ba da fam 1,000, ko sunansa ba a ambata ba. Wannan ya tsaya min a rai sosai.

Ga kuma cin data kamar gara, hoto na sandarewa a tsakiyar magana. Na rubuta musu a kan fassarar, shiru kake ji. Ban sabunta biyan ba. Mai hali ya sauke kashi na biyu inda intanet ke da ƙarfi ya kalla da iyalinsa, na ukun kuwa ban ce kowa ya ɓata kuɗinsa ba sai sun gyara fassarar.