Wasiƙa daga Jamus: kwamfutar iri ɗaya ce, abin da ke biyo bayan ciniki ne daban

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da iyali da yaran da kake koya wa aiki.

Ka tambaye ni ko da gaske kayan kwamfuta na Turai sun fi ƙarko. Na daɗe ina aikin kula da kwamfutocin ma'aikata a wani kamfani a nan Jamus, kuma amsata ita ce a'a. Laftop ɗin da ke gabana da wanda ke gabanka galibi daga masana'antun Asiya iri ɗaya suka fito. A nan ma batir na kumbura har ya turo kibod sama, hinji na karyewa, firinta na cin takarda. Abin da ke ja musu kwana shi ne wuta tsayayya, da ƙarancin zafi da ƙura. Alƙaluman hukumar da ke kula da layukan lantarki ta ƙasar sun nuna cewa ɗaukewar wuta, in aka raba wa kowane mai amfani, ba ta kaiwa minti 15 a shekara. Ka ga caja da madabod, wato babban faifan da sassan kwamfuta ke haɗuwa a kai, ba sa shan wahalar da muka saba gani.

Yawancin aikina ma ba na buɗe inji ba ne. Wannan ya manta kalmar sirri, waccan allonta na biyu ya ƙi kawowa, wani an yi wa manhajarsa sabuntawa da dare ya wayi gari ba ta buɗewa. Ba mai tare ka a hanya ya ce "zo ka duba mini". Kowace matsala sai an buɗe mata tikiti, an rubuta wa ya kawo ta, me aka yi, yaushe aka rufe. Wannan rubutun shi ne ke tona asirin kayan da ba su da kyau, don in samfuri ɗaya ya yi ta dawowa da ciwo ɗaya, ba a sake sayensa.

Inda suka yi mana nisa shi ne bayan kuɗi ya fita daga hannunka. Dokar Tarayyar Turai ta ɗora wa mai sayarwa alhakin kayan da ya sayar wa mutum har shekara 2. A Jamus, tun watan Janairun 2022, in kayan ya lalace cikin wata 12 na farko ana ɗauka da aibinsa ya zo, mai sayarwa ne zai kawo hujjar cewa ba haka ba ne. In ta intanet ka saya, kana da kwana 14 ka mayar ba tare da ka faɗi dalili ba. Wannan hakkin daban yake da garantin da kamfanin ƙera kayan ke bayarwa don ganin damarsa. Duk abin da ake nema a wurinka rasit ne.

Kamfanoni irin namu kuma kwangila suke saya tare da injin, galibi ta shekara 3, wadda ta ce injiniya zai zo har ofis washegarin ranar aiki. Wata rana laftop ɗin wata ma'aikaciya ya daina ɗaukar caji. Na ba masu kwangilar lambar siriyal, na karanta musu abin da gwajin cikin injin ya nuna. Washegari da hantsi sai ga mutum da kwali a hammata. Ya shimfiɗa tabarmar roba a kan tebur, ya kwance sukurori ya jera su, ya cire madabod ɗin gaba ɗaya ya sa sabo, ya shigar masa da lambar injin, na sa hannu, ya tafi. Kafin ya mayar da tsohon cikin leda na roƙe shi in duba. Bakin cajin ne kawai ya saki. Wallahi Yaya, da a hannunka ya faɗo, da mita da ɗan dalma ka tashe shi kafin shayi ya huce. Abin ya tsaya mini a rai. A nan kuɗin aikin awa ɗaya na ƙwararre ya sa canza madabod sukutum ya fi musu sauƙi, shi ya sa masu iya bin layin wuta a kan madabod suka yi ƙaranci. Kada ka bari yaranka su raina wannan ilimin, ko su ɗauka don rashi ake yin sa.

Kada kuma ka zaci kowa ake yi wa wannan gatan. Da kwamfutar gidana ta samu matsala, wadda na saya da kuɗina a matsayin mutum ɗaya, sai na ga ɗaya fuskar. Na'ura ce ke amsa waya, ta ce danna kaza, danna kaza. Da na samu mutum, takardar da ke gabansa yake karanta mini: ka kashe ka kunna? Aka ce in aika ta gidan waya, ta yi makonni, ta dawo an goge komai na ciki. An gyara, ban biya ko sisi ba, amma wanda bai kwafe bayanansa ba kafin ya aika, ya yi kuka da kansa.

Yanzu batun kwamfutoci na hannu da kake son in riƙa duba maka. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0, wato wani ɗan sashen tsaro a cikin injin, da kuma, in ƙwaƙwalwar injin (processor) ta kamfanin Intel ce, zubi na 8 zuwa sama. Saboda haka kamfanoni sun sallami tsofaffin injuna da yawa, kuma za su iso kasuwa da araha mai jan hankali. A duba zubin kafin a biya. Ni na fi natsuwa da jerin da aka ƙera don ofis, irin su ThinkPad, Latitude da EliteBook, domin littafin gyaransu na nan a fili, kayan gyaransu kuma ba sa wuyar samu. A buɗe a ga ko RAM ɗin, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, liƙe yake da madabod, don sababbi da yawa ba a iya ƙara musu. A shiga BIOS, wato saitin da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, a tabbatar ba kalmar sirri, a kuma sa sabuwar Windows a haɗa da intanet, domin wasu suna nan a rajistar tsohon kamfaninsu, da sun ga intanet sai su nemi a shiga da asusun ma'aikaci. Na Jamus kuma kibod ɗinsu daban ne, Z na zaune a gurbin Y. In an ce da sauran garanti, a sa lambar siriyal a shafin kamfanin a ga ko yana aiki a wajen ƙasar da aka saya, don ba kowanne ke tsallaka iyaka ba.

Ka turo mini adadin da kake so da irin aikin da za su yi. A gaida kowa da kowa.