Manhajar lissafin shago: ta kama min ɓarna, ta kuma kusa raba ni da Baba

Manhajar nan ta lissafin kaya da bashi da ake ta tallarta a Kantin Kwari, mu ma mun saka a shagonmu, kuma a watannin farko babu wanda ya kai ni yabonta. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ciniki ya koma tiransifa, littafinmu ya rikice: alat yana shiga wayar wannan, POS yana hannun wancan, a yi ta lissafi har a tashi kasuwa bai daidaita ba. Da ta zo, duk dilar da aka kwance sai a shigar da ita turmi-turmi, abin da aka sayar ya fita da sunan yaron da ya sayar. A haka na gano inda leshi yake zurarewa. Ban kori kowa ba, amma abin ya tsaya cak.

To ga inda ta ɓata min rai. Akwai wani dattijo daga Maraɗi da muke kira Baba, abokin cinikin mahaifinmu ne tun ina yaron aike. Atamfa da shadda yake ɗauka bashi, ya biya bayan sallah, wani lokaci ya ɗan ƙara wata guda. Ba a taɓa yi masa tuni ba, kuma ko kwabonmu bai taɓa maƙalewa a wurinsa ba. Ashe manhajar tana tura wa masu bashi saƙo da kanta in kwana 30 ya cika, kuma a kunne abin yake zuwa. Wanda ya ɗora mana bai ce uffan a kai ba, hankalinsa yana kan kuɗin rijista.

Saƙon da Turanci ya je, can kuwa ko boko Faransanci ne. Sai Baba ya miƙa wa wani matashi a majalisarsu ya fassara masa, a gaban mutane: ana bin ka kaza, wa'adi ya wuce, ka gaggauta biya, ga sunan shagonmu a ƙasa. Da ya kira ni ko gaisuwa bai bari mun gama ba.

"Ɗana, yaushe muka fara haka da gidanku? In kuɗinku kuke so, ai sai a faɗa min da baki."

"Baba, wallahi ba ni ba ne, na'ura ce."

"To na'urar wa ya gaya mata nawa ake bi na?"

Me zan ce? Sai da na ɗauki kawuna muka je har gida ban haƙuri. Ya biya kuɗin a take, wanda shi ya fi min ciwo, kuma har yau sarinsa bai koma yadda yake ba.

Da na kira masu manhajar, wai "Yallaɓai, ai abin da kamfanoni suka fi so ke nan." Na ce a ware min mutum biyar kawai da ba za a tura wa ba, suka ce babu hali, ko dai a kashe wa kowa ko a kunna wa kowa. Alhali akwai masu taurin bashi da nake so a riƙa damun su kullum.

Tunda na fara, bari in ƙarasa. Ba ta san falle ba. Turmi yadi shida ne, falle uku, amma in mace ta sayi falle ɗaya sai mun ƙirƙiri wani kaya daban mun rage turmin da hannu. Ana gab da sallah, lokacin da kasuwa ta cika netiwok ya yi nauyi, sai ta tsaya tana juyawa, mai saye yana tsaye, mu koma biro da takarda. Kuɗin shekara kuma da dala suke auna shi, don haka da aka zo sabuntawa abin da suka faɗa ba shi muka fara da shi ba. Ka ce a fitar maka da bayananka zuwa Excel, wai sai ka hau babban tsari.

Ga mai shagon da cinikinsa hannu da hannu ne, za ta yi masa aiki sosai. Mu dai rijistarmu za ta ƙare bayan babbar sallah, kuma na riga na sa ƙanena ya fara kwafe bayanan.