Sharhi kan sandunan ɗaga murfin but na Stabilus a motar Golf 3

Duk wanda motar Golf 3 ta kwana biyu a hannunsa ya san yadda murfin but yake fara gajiya. Da farko sai an tallafa masa kafin ya kai sama, daga baya kuma ya riƙa saukowa a kan mai sauke kaya, har a koma tokare shi da guntun katako. Abin da ya mutu shi ne sandunan ƙarfe biyu da ke gefe da gefe, waɗanda makanikai suke kira shok ɗin but. Na canja na motata a gida da samfurin Lift-O-Mat na kamfanin Stabilus, kuma a ganina sun ci kuɗinsu, muddin mai saye ya kula da lambar da ke jikinsu.

Stabilus kamfanin Jamus ne da ke birnin Koblenz, an kafa shi a 1934, kuma yana cikin masu ƙera wa kamfanonin motoci irin waɗannan sanduna tun daga masana'anta. Kowace sanda bututu ce da aka matse iskar naitirojin a cikinta tare da ɗan mai. Iskar ce take turo siririn ƙarfen da ke shiga cikin bututun waje, shi kuwa man yana jiƙa robar da ke hana iskar fita, yana kuma rage gudun murfin idan ya kusa kaiwa ƙarshe. Saboda haka ban ga hikimar sayen na hannu ba, duk arharsu, domin an daina ƙera Golf 3 tun ƙarshen shekarun 1990, kuma sandar da aka ciro daga wata tsohuwar mota iskarta ta daɗe tana sulalewa. Mai shago zai danna ta da rana tsaka ta nuna ƙarfi, amma ƙarfin iska yana raguwa idan ta yi sanyi, shi ya sa da asubahin hunturu ake gane wadda ta mutu.

Kafin a je kasuwa, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Panteka a Kaduna, ya kamata a goge jikin tsohuwar sandar a karanta abin da aka rubuta. Akwai lambar kaya, akwai kuma wata lamba da harafin N yake bi, wadda ita ce ma'aunin ƙarfin turawa. A kuma auna tsawonta daga tsakiyar kan da ke wannan ƙarshen zuwa tsakiyar kan da ke ɗaya ƙarshen tana miƙe. Wasu masu shago suna tallar mai lamba babba da cewa ta fi ƙarko, alhali ƙarfin da ya wuce kima yana wahalar da rufewa, yana kuma iya lanƙwasa wurin da aka ɗaure ta.

Aikin kansa bai buƙaci komai ba sai ƙaramar sukudireba mai faɗin baki da mutum ɗaya da zai riƙe murfin, domin nauyinsa da gilashi ya fi yadda ake zato da zarar an cire sanda guda. A kowane kai akwai ɗan lanƙwasasshen ƙarfe da ya rungume shi. Ana zura bakin sukudireba a ƙarƙashinsa a ɗaga shi kaɗan, ba tare da an fizge shi gaba ɗaya ba, sai kan ya saki ƙwallon ƙarfen da yake zaune a kai. Sabuwar kuwa dannawa kawai ake yi har a ji ta ce ƙas. Na sa su yadda tsofaffin suke, na gama gefe ɗaya kafin na taɓa ɗayan, kuma biyun na canja tare, domin sabuwa ba ta daɗewa idan ita kaɗai ce ke ɗaukar nauyi.

Tun daga lokacin murfin yana tashi da kansa idan an ɗaga shi kaɗan, yana lafawa a hankali a sama ba tare da fizga ba, kuma sanyin safiya bai sauko da shi ba. Tsadarsu ce kawai za ta sa mutum ya yi jinkiri, ga kuma fargabar jabu, don haka a duba cewa sunan kamfani da lambobin suna rubuce a jikin bututun, ba a kwali kaɗai ba. Kada kuma a ɗauka sabuwa ta lalace don hannu ya kasa danna ta; haka take.

Siririn ƙarfen ba ya son giris, domin ƙura tana manne masa ta cinye robar, tsumma mai tsabta ya wadatar. Tsofaffin kuma, idan za a ba 'yan gwangwan, a gaya musu kada su jefa su a wuta ko su sare su, saboda akwai sauran iska a matse a ciki.