Allurar Artesun 60mg: tana ceton yara, amma haɗa ta sai da natsuwa

Ga yaron da zazzaɓin cizon sauro ya yi wa mugun kamu, Artesun (allurar maganin atesunet) ta fi kwinin. A gwajin AQUAMAT na 2010, kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka 9 har da Najeriya, mace-mace sun kai kashi 8.5 cikin ɗari da atesunet, 10.9 da kwinin.

Wahalarta wajen haɗawa ne. Sai an fara narkar da garin da ruwan bikabonet (sodium bicarbonate) 1ml, a girgiza har ya washe, sannan a ƙara ruwan gishiri na asibiti (normal saline) 5ml idan ta jijiya ce. In ruwan ya gurɓace, a zubar. Wanda ya wuce awa ɗaya da haɗawa ma haka. Yaro ƙasa da kilo 20 ana ba shi 3mg kowane kilo, ba 2.4mg da ake ba masu kilo 20 zuwa sama ba. A riƙa duba jininsa har wata guda bayan sallama, don yakan ragu.