Fatar kai da maiƙo, bakin gashi a bushe: me za ki saya a kasuwar Maraɗi?

Ƴar'uwa, idan kwana uku bayan wanki fatar kanki ta fara naso da ƙaiƙayi, amma bakin gashin yana karyewa a mataji, ba ƙarin mai kike buƙata ba. Fatar kai da kanta take fitar da maiƙo daga tushen kowane sili. Gashinmu murɗaɗɗe ne, shi ya sa maiƙon ba ya iya gangarowa har ƙarshe, sai ya taru a gindi. Gashi kuwa kusan santimita 1 yake ƙaruwa a wata, ke nan bakin gashi mai tsawon santimita 12 ya sha hunturu da bazara da tsifa na shekara guda cur. Ga zufar watan Afrilu da Mayu a ƙarƙashin ɗankwali da hijabi, ga ƙurar hunturu. Abin da za ki nema biyu ne: abin wanki da zai kwashe maiƙon ba tare da ya ƙara busar da baki ba, da man da za ki shafa a bakin kaɗai.

Sabulun wanki na sanda, wanda ake wanke tufafi da shi, ki bar wa tufafi. Sabulun salo yana fitar da datti tas, amma yana da kaifin toka, mai busasshen baki ba za ta ji daɗinsa kowane mako ba.

Ni dai karkashi nake so, yoɗon nan da ake miya da shi. Ki samu busasshen ganyensa cikin tafin hannu, ki zuba a ƙwarya, ki kwarara ruwan zafi, ki rufe har ya huce. Idan kika sa yatsa kika ɗaga za ki ga yauƙi yana biyo ki. Ki tace da tsumma mai tsabta, don in ba haka ba ɓurɓushin ganye zai maƙale miki a kai. Ki raba gashin gida huɗu, ki zuba a fatar kai, ki murza da tafin yatsu, ba da farce ba, sannan ki ja yauƙin zuwa baki. A nan ne za ki ga aikinsa: gashin da ya cukurkuɗe bayan tsifa sai ya riƙa warwarewa da yatsa kawai, kafin ma mataji ya shiga. Yawancin karyewar baki a wajen taza take faruwa, kuma santsin karkashi ne ke hana ta. Ba ya kumfa, abin da ke sa ƴanmata raina shi ke nan, amma ba kumfa ce ke wanki ba. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, da ƴan daloli za ki samu na wanki da yawa, da damina ma a bakin gona yake fitowa. Matan Cadi sun daɗe suna wanke kai da shi, yanzu har ƙasashen waje ake kai shi cikin leda mai ado a sayar da tsada, mu kuma yana gabanmu a tire.

Iyakarsa ɗaya ce: idan kin danƙara bazilin a kai, karkashi ba zai iya fitar da shi ba. Saboda haka ki ajiye shamfu guda, ki yi amfani da shi bayan kowace tsifa, a fatar kai kaɗai, kumfar da ta gangaro ta ishi baki. Shamfun da aka rubuta "sulfate", sinadarin da ke sa kumfa, a farkon jerin kayan haɗinsa ya fi kaifi, ki rage yawansa. Garin ganyen magarya ma yana wanki, sai dai ba shi da santsin karkashi.

A wajen mai, man kaɗanya ne na baki: ɗan ƙwarya-ƙwarya a yatsa, a narkar a tafi, a shafa daga tsakiyar gashi zuwa ƙarshe tun yana da danshi. Man kwakwa yana shiga cikin silin gashi, yana da kyau a shafa a baki kafin wanki. Man shanu yana saurin yin wari a zafin garin nan. Bazilin yana kama ƙura. Garin shebe, wanda matan Cadi ke shafa wa gashi, masu shi ma ba sa sa shi a fatar kai. Kuma ki roƙi mai kitsonki da girmamawa, "Inna, don Allah a bar man a baki, kada a bi tsaga da shi," domin hannunta ya saba.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. Yawancin man kaɗanyar da ke kasuwa daga nesa yake zuwa, ya bi hannu da yawa, kuma a hanya ake cuɗa shi da kitse, ko bazilin, ko kakin kyandir, ko gari don ya yi nauyi. An taɓa sayar mini da wani fari sol mai ƙamshin turare, da rantsuwa har da Allah, ashe turaren an sa ne don ya rufe warin kitse. Da rana ta buge shi, ɗankwalina sai da na jiƙa shi da omo. Kada kunya ta hana ki gwadawa a gaban mai kaya. Ki lakato kaɗan ki murza a bayan hannu: na gaskiya zafin jiki kawai yake narkar da shi, ya shige fata, yana da ɗan warin hayaƙi da na ƙwara, launinsa tsakanin ruwan madara da ɗorawa-ɗorawa. Idan ya tsaya da tauri yana murmushewa, akwai kaki. Idan ya bar sheƙi yana zamewa bai shiga ba, bazilin ne. A gida ki narkar da cokali guda a kofin gilashi cikin ruwan zafi. Duk abin da ya kwanta a ƙasa fari, ba kaɗanya ba ne.

Karkashin ma bai tsira ba. Ki sayi ganye, kada ki sayi gari, don garin ana ƙara masa kuka da ƙasa, kuma ido ba ya rarrabewa. Wanda ya koma ruwan ƙasa ko yake warin rima ya kwana biyu, yauƙinsa ya mutu.

Shamfu kuwa, ana tara tsofaffin kwalabe a ɗura musu sabulun ruwa na wanke kwanoni da kala. Ki duba murfi ko an taɓa buɗe shi, ki duba ranar lalacewa, in na Najeriya ne ki nemi lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta can, ki kuma guji wanda ya yini a rana kan tebur ko aka ɗiba miki a leda. Magungunan da ake tallatawa a WhatsApp wai gashi zai kai gadon baya a wata ɗaya, ki riƙe kuɗinki.

Idan maiƙon ya zo da amosani mai kauri, ja da ƙaiƙayin da ke hana barci, kada ki ƙara man zaitun a kai, ƙwayar cutar da ke jawo shi da maiƙo take rayuwa. Ki ga likita, akwai shamfu mai maganin ketokonazol a farmasi da aka yi domin wannan.