Takardar gam ɗin nan mai ruwan ɗorawa, na gwada ta a renon tumatir

Bana na yi renon tumatir da attaruhu a tire nan bayan gida, sati 2 da tsirowa sai na fara ganin wasu mitsi-mitsin baƙaƙen ƙudaje masu kama da sauro amma ba su kai shi girma ba, kana taɓa tiren su tashi, wasu ma sai dai su dinga gudu a kan ƙasar. Da farko ban damu ba tunda ba sa cizo, sai ga iri yana kwanciya ɗaya bayan ɗaya, in ka ja ka tarar ba saiwa.

Wani mai shagon kayan gona ne ya haɗa ni da takardar, wai kalar ce ke janyo su su liƙe. Kamu kam wallahi tana kamu, na soke guda 4 dab da ƙasa, kafin kwana 3 ta yi baƙi da su. Amma fa iri bai daina mutuwa ba.

Ashe ba masu tashin ne ke ɓarnar ba, 'ya'yansu ne. Na yanka dankalin turawa na kifa a kan ƙasar, da na ɗaga bayan kwana biyu sai ga tsutsotsi farare kamar zare masu baƙin kai suna motsi, su ne ke cin saiwa, kuma takarda ba ta isa inda suke. Mace ɗaya tana iya zuba ƙwai sama da 100 a ƙasa mai danshi, cikin sati 3 zuwa 4 sun zama ƙudaje, to nawa za ka kama? Laifin nawa ne ma gaskiya, ban ruwa safe da yamma ga takin da bai gama ruɓa ba, daɗi suka samu.

Sai da na rage ruwa, na bari saman ƙasar ya bushe sosai kafin in ƙara, na barbaɗa yashi a sama, sannan abin ya lafa.

Wani abin haushi, ƙurar hunturu na kashe gam ɗin, sati ɗaya ya daina kamu sai ka canza. Kuma ba ya zaɓe, har gefen hijabin 'yata ya kama, da kyar muka ɓanɓare. Zan sake saye dai, amma don in gane da wuri in ƙudajen sun shigo, yanzu guda ɗaya nake sokewa a kowane tire ina leƙawa duk safiya.