Motar 'yan sama jannatin Apollo: ta ci kuɗinta, amma ƙura ta wahalar da ita

Motar da kamfanin Boeing ya ƙera wa hukumar NASA ta Amurka, wadda ake kira Lunar Roving Vehicle, ba ta taɓa shiga kasuwa ba, kuma mutum shida kacal suka hau ta a duniyar wata, a tafiye-tafiyen Apollo, shirin NASA na kai mutane wata. Duk da haka ana iya auna ta da mudun da ake auna kowace mota: nawa aka kashe, wane aiki ta yi, kuma a ina ta gaza.

Kuɗin dai ba kaɗan ba ne. An kashe dala miliyan 38 a kan motoci huɗu, kusan ninki biyu na abin da aka tsara da farko, sai dai an gama aikin cikin wata 17. A ganina tsadar ta halatta, domin kafin zuwanta 'yan sama jannatin Apollo 14 da ƙafa suka yi yawo suna jan amalanke, har suka gaji suka juyo ba tare da sun leƙa bakin ramin Cone da suka nufa ba. Da motar ta zo a Yulin 1971, David Scott da James Irwin na Apollo 15 sun yi tafiyar kusan kilomita 28, sannan a Disambar 1972 Eugene Cernan da Harrison Schmitt na Apollo 17 suka yi kusan kilomita 36, suka yi nisan kilomita 7.6 daga kumbonsu.

Abin da ya fi burge ni shi ne rashin nauyinta. A nan duniya kilo 210 ce, amma tana ɗaukar kilo 490, kuma a naɗe aka maƙala ta a jikin kumbo kamar gadon tafi-da-gidanka, aka warware ta da igiyoyi bayan an sauka. Tayoyinta, waɗanda injiniyoyin General Motors suka tsara, ba na roba ba ne. Saƙar wayar ƙarfe ce da aka shafe da tutiya, aka jera mata faranta na titaniyom don kada ta nutse cikin garin ƙasa. Kowace taya tana da nata ƙaramin injin lantarki, wanda za a iya raba shi da ita idan ya lalace, ta ci gaba da juyawa sauran ukun suna ja. Babu sitiyari irin wanda muka sani, sai wani mariƙi a tsakanin kujeru biyun: a tura shi gaba mota ta tafi, a karkata shi ta juya, a jawo shi baya ta ci birki. Wanda ya yi tunanin hannun da ke cikin safa mai kauri ne ya tsara wannan.

Dabarar yi wa komai madadi ta nuna amfaninta tun ranar farko, domin tayoyin gaba na motar Apollo 15 sun ƙi karkata, Scott ya yi tuƙinsa da na baya kawai. Bel ɗin kujera ma ya ba su wahala a wannan tafiya, aka gyara shi a motocin da suka biyo baya.

Babban aibinta shi ne marfin da ke tare ƙura a kan tayoyi. An yi shi da rauni, alhali ƙurar wata tana da kaifi, tana manne wa komai, kuma idan ta rufe wurin fitar zafi sai batir ya ɗau zafi. John Young da Charles Duke sun rasa wani sashe na marfin baya a Apollo 16 a Afrilun 1972, ƙura ta yi ta zubo musu. A Apollo 17 kuma gudumar da ke aljihun Cernan ta maƙale marfin baya na dama ta ɓalle shi, sai da suka haɗa taswira huɗu da salatif, suka matse su da maƙalai a gurbinsa. Gyaran ya yi aiki, kuma ana yawan yaba shi, amma ni ina ganin abin da ya karye sau biyu a jere laifin ƙira ne, ba na direba ba.

Gudunta bai wuce kilomita 13 a awa ba a bisa al'ada, ko da yake Cernan ya kai 18 a gangara, kuma wannan ya wadatar a filin da ke cike da ramuka, inda motar kan yi tsalle tayoyi su bar ƙasa. Batiranta biyu masu ƙarfin bolt 36 ba a yi musu caji, saboda haka mota ce ta kwana uku, kuma dukkan ukun da aka kai suna can inda aka ajiye su. Ga aikin kwana ukun da aka saye ta dominsa na ba ta cikakken maki, amma duk wanda zai ƙera motar da za ta shekara tana aiki a can, dole ya fara da batir mai caji da marfin taya mai ƙwari.